Digiri nawa za a ɗaura? Fashin baƙi kan tsayuwar ƙafa a allon tseren dusar ƙanƙara

Me ya sa wasu masu zamiya a kan allo suke tsayawa a gicciye, kafaɗa ɗaya tana kallon gangare, wasu kuma suke karkatar da ƙafafunsu biyu gaba har ka ɗauka a kan siki suke, wato siraran katakon zamiya guda biyu, ɗaya a kowace ƙafa? Kuma idan mutum ya samu irin siririn allon nan na tsere, digiri nawa ya kamata ya juya maɗauran takalminsa?

Tambayar farko takan taso duk lokacin da gasar Olamfik ta hunturu ta zagayo. A 2018, a PyeongChang ta Koriya ta Kudu, wato gasar da Najeriya ta fara shiga wasannin hunturu, Ester Ledecká 'yar Jamhuriyar Cek ta ci zinare a tseren siki, bayan mako guda ta sake cin wani a tseren allo. Wanda ya kalle ta a kan allon zai lura ba ta yi kama da matasan nan masu tsalle da juyi a sama ba. Ƙirjinta yana fuskantar gaba, takalminta na roba ne mai tauri, kuma a kowace kwana sai ta kwanta har hannunta ya kusa shafar ƙasa.

Tambaya ta biyu kuwa masu wasan ne kansu suke ja-in-ja a kanta. Sabon shiga yakan tambaya, sai a jefo masa lambobi: wannan ya ce 55 da 50, wancan ya ce 60 da 55, wani kuma ya ce gwarzo wane a kan kaza yake hawa. A ganina nan ne kuskuren yake farawa. Lambar ba a aro ta daga wani. Faɗin allon mutum da tsawon takalminsa su ke fitar da ita, sannan gwiwarsa da kwankwasonsa su ƙarasa gyaran.

Wane irin allo ake magana a kai?

Sinobod, wato allon zamiya a kan dusar ƙanƙara, iri-iri ne. Wanda aka fi sani, wanda ake bayarwa haya a kusan kowane wurin zamiya, faɗinsa a tsakiya yakan kai santimita 25 ko kusa da haka, gaba da bayansa sun yi kama, ana hawansa da takalmi mai laushi da ake ɗaurewa da maɗauri biyu.

Allon tsere daban yake. Dogo ne, siriri, mai tauri, bayansa kusan a miƙe. Ƙugunsa, wato inda ya fi tsukewa a tsakiya, yakan tsaya tsakanin santimita 18 zuwa 21. Na manyan kwanoni da maza ke tsere da shi yakan kai santimita 180 zuwa 185 a tsawo, na ƙananan kwanoni kuma bai cika wuce 160 da 'yan kai ba. Takalmin roba ne mai tauri, ɗan'uwan na siki, kuma ana maƙala shi a kan faranti na ƙarfe da ke kama shi ta gaba da ta dunduniya. Kamfanonin da suka yi suna a ƙera irinsa ƙanana ne: Kessler da Oxess a Suwizalan, SG a Ostiriya, Donek a Amurka, Coiler a Kanada. Da irin wannan allon aka yi tsere a Nagano a 1998, shekarar da sinobod ya shiga Olamfik, inda Ross Rebagliati na Kanada da Karine Ruby ta Faransa suka ci zinare. Daga 2002 aka koma tsarin mutum biyu su sauko kafaɗa da kafaɗa, kowa a layinsa.

Mene ne yanka, kuma me ya raba shi da goga?

Hanya biyu ake juya allo. Ta farko ita ce a ture bayansa gefe, ya goge dusar ƙanƙarar yana watsa ta. Haka kowane mai koyo yake farawa, kuma haka ake taka birki. Ta biyu ita ce yanka. Gefen allon ba a miƙe yake ba, an fafe shi ya ɗan shiga ciki a tsakiya, kuma an zagaye shi da bakin ƙarfe mai kaifi. Idan aka kishingiɗar da allon a kan wannan baki aka danna, sai ya lanƙwashe, bakin ya nutse, allon ya bi da'irar da lanƙwasar ta zana. Bayansa yana bin daidai inda gabansa ya wuce.

A sawu ake gane bambancin. Mai goga yakan bar faffaɗan tabo kamar an ja buhu. Mai yanka kuwa zare ɗaya tak yake bari, siriri, mai zurfi, daga wannan kwana zuwa waccan, da ɗan giɓi a inda allon ya tashi daga baki ɗaya ya koma ɗayan. Da sassafe, bayan motar gyaran gangare ta gama share fili, daga kan kujerar da ke hawa da mutane sama ana iya ƙirga kwanonin mutum ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne: gwargwadon kishingiɗar allo, gwargwadon matsewar kwana. Allon da aka fafe gefensa a kan da'irar da ke da mita 12 daga tsakiya zuwa baki, idan aka tayar da shi digiri 60 daga ƙasa, a lissafi zai zana kwana mai kusan mita 6. Saboda haka mai yanka kullum neman ƙarin kishingiɗa yake. A nan ne maganar takalmi ta shigo.

Yadda ake ƙirga kusurwar

Idan takalmi ya gitta allon daidai, yatsu suna kallon baki ɗaya, dunduniya tana kallon ɗayan, wannan shi ne sifili. Duk juyawar da yatsu suka yi zuwa gaban allo, lamba tana hawa. Da a ce za a miƙar da ƙafar ta bi tsawon allon gaba ɗaya, da an kai 90. Idan aka ce 55 da 50, ana nufin ƙafar gaba tana kan 55, ta baya tana kan 50. Wace ƙafa ce a gaba, hagu ko dama, wannan ya danganta da mutum, kuma ba ya sauya lissafin.

Masu tsalle sukan ware ƙafafun, ta gaba 15 zuwa gaba, ta baya 15 zuwa baya, domin su iya tafiya ta kowane ɓangare. Masu takalmi mai tauri kuwa ƙafafun biyu gaba suke kallo, yawanci tsakanin 45 da 65. Can ƙarshen layi akwai wani allo da ake kira Skwal, wanda aka ƙirƙira a Faransa a farkon shekarun 1990, mai tsananin siranta, inda ƙafa ɗaya take bayan ɗaya kusan a miƙe.

Faɗin allo da tsawon takalmi ke yanke hukunci

A ɗauki takalmin da tafinsa ya kai santimita 30, a ɗora shi a gicciye kan allo mai faɗin 20. Santimita 5 za su leƙo ta gaba, 5 ta baya. Muddin allon yana kwance ba matsala. Amma da zarar an kishingiɗar da shi, abin da ya leƙo shi zai riga bakin ƙarfen kama ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin mai babur ya kwanta a kwana har matakin ƙafa ya daki kwalta ya san abin da ke biyo baya: ƙarfen ya zama madogari, taya ta saki ƙasa, babur ya tafi. Haka yake a nan. Bakin takalmi ya tokari ƙanƙara, ya ɗaga kaifin allon, sai mutum ya tsinci kansa yana sulalewa a kan ciki ko a kan baya, a daidai lokacin da gudunsa ya fi yawa.

Ana iya auna abin. A ce tafin takalmin yana santimita 3 sama da ƙasan allo. Idan ya leƙo da santimita 1, sai allon ya tashi kusan digiri 72 kafin ya taɓa. Idan ya leƙo da 2, a digiri 56 zai taɓa. Idan 3 ne, a 45. Wannan a kan ƙasa mai tauri ke nan. A dusar ƙanƙara mai laushi bakin allon yana haƙa rami ya nutse a ciki, saboda haka takalmin yakan taɓa tun kafin nan.

Maganin shi ne a juya takalmin ya karkata gaba har ya shige cikin faɗin allon. Takalmin nan mai santimita 30, idan aka juya shi zuwa digiri 45, abin da yake ci na faɗin allo ya koma kusan 21. A digiri 48 ya koma 20, a 53 ya koma 18, a 60 kuma 15. Lissafin bai haɗa da kaurin takalmin kansa ba, wanda ke ƙara ɗan wani abu, kuma allon ya ɗan fi faɗi a ƙarƙashin ƙafa fiye da a ƙugunsa. Amma ya isa ya nuna asalin lambobin da ake yawo da su. Ba don ado masu tsere suka fuskanci gaba ba. Allon ne ya tsuke domin ya yi saurin sauya baki, sai ƙafa ta bi shi.

Ya kuma nuna dalilin da ya sa aron lamba ba ya aiki. Mace mai ƙaramar ƙafa da ƙato mai babban sawu, in suka hau allo iri ɗaya, tsakanin abin da ya dace da su zai iya kai digiri 10. Hatta mutum biyu masu girman ƙafa ɗaya suna iya bambanta, domin kamfanonin takalma irin su Deeluxe da UPZ ba tsawon tafi ɗaya suke yi wa lamba ɗaya ba. Tafin takalmin ake aunawa daga waje, ba lambar da aka rubuta a kwali ba.

Ga yadda masu hankali a cikinsu ke yi, tun a ɗaki. A shimfiɗa allon a kan darduma, a maƙala takalman babu ƙafa a ciki. A fara da ta baya, domin ita ce mai ƙaramar kusurwa, ita ta fi leƙowa. A tabbatar takalmin ya zauna a tsakiya, kada yatsu su fi dunduniya kusa da baki. Sai a kawo rula a jingina ta a tsaye a jikin bakin allon, ta gefen yatsu sannan ta gefen dunduniya, ana juya farantin kaɗan-kaɗan har takalmin ya daina ture rular, ko ya zama yana shafarta kawai. A duba har da ƙarfen da ke kama takalmin da kuma bayan wuyansa, domin sau da yawa su ke fara taɓa ƙasa. Inda aka tsaya, nan ne kusurwar ƙafar baya. Daga nan a ɗaure kowane noti da kyau.

To me zai hana a zarce sama kawai a huta?

Wannan shi ne kuskuren da tsoron faɗuwa ke jawowa, kuma ba a cika magana a kansa ba. Mutum ya sha ƙasa sau biyu saboda takalmi, sai ya juya faranti zuwa 65 a kan allo mai faɗin 21. Yanzu yatsunsa da dunduniyarsa sun yi nisa da bakin allon, suna can ciki. Ƙarfin da zai danna kaifin ya ragu, allon ya yi nauyin tashi, sai ya dage kafin ya kishingiɗa, kuma a kan ƙanƙara mai tauri riƙonsa ba ya ƙarko.

Akwai kuma sauyin da ke faruwa a jiki. A ƙaramar kusurwa, yatsu da dunduniya ke tuƙa allo, idon sawu yana lanƙwasawa yadda ya saba. Yayin da lamba ke hawa, aikin yana barin tafin ƙafa ya koma gefen wuyan takalmi, gwiwa da kwankwaso ke tura allon hagu da dama. Tsayuwar ma tana tsukewa, mutum ya zama kamar yana kan layi ɗaya, ɗan karo da tudu sai ya girgiza shi. A wurin da ba gangare sosai, ko a cikin cunkoso inda dole a riƙa goga ana rage gudu, babbar kusurwa wahala ce zalla.

Shi ya sa na fi gamsuwa da ƙa'idar da ke cewa a zaɓi mafi ƙanƙantar kusurwar da takalmi ba zai taɓa ƙasa ba. Mai koyo ma, wanda bai kai ga kishingiɗa sosai ba, yana iya barin 'yar leƙowa kaɗan, ya riƙa ƙara digiri yayin da kwanarsa ke ƙara zurfi.

Ƙafar gaba, tazara, da ɗagin tafi

Ƙafar gaba takan fi ta baya da digiri 3 zuwa 7, kuma 5 ita ce inda mutane da yawa ke farawa. Dalilin a jiki yake. Mutum ya miƙe tsaye ya dubi ƙafafunsa, zai ga ba a jere suke daidai ba, yatsun sun ɗan buɗe waje. Wanda nasa suka buɗe da yawa zai so bambanci mai yawa. Idan aka matse shi a kan lamba ɗaya gaba da baya, gwiwar baya ce za ta fara kuka.

Tazarar da ke tsakanin faranti biyu, ga mutum matsakaicin tsayi, takan zagaya santimita 48 zuwa 52. Tana tafiya da tsawon ƙafa.

Sai abin da mutane ke mantawa da shi, alhali shi ke warware yawancin ciwon da ake ɗora wa kusurwa. Takalmi mai tauri ba ya barin idon sawu ya gyara komai. Idan ƙafafu biyu suna kallon gaba, ɗaya nesa da ɗaya, dunduniyar baya tana son tashi, yatsun gaba ma haka. Saboda haka ake sa 'yar matashiya a ƙarƙashin faranti: a ɗaga yatsun ƙafar gaba, a ɗaga dunduniyar ta baya. Ana kuma iya jirkita farantin ya jingina ciki ko waje. Kamfanin Bomber na Amurka, alal misali, yana yin irin waɗannan faya-fayan masu digiri 0 da 3 da 6. Yadda abin yake tafiya shi ne, a babbar kusurwa ɗagin yatsu da dunduniya ya fi amfani, a ƙarama kuma jinginar ciki ce ke taimakawa. Gwajinsa a kan darduma ake yi: a sa takalman, a maƙala, a durƙusa kaɗan, a rufe ido. Idan akwai inda wuyan takalmi ke danna ƙwauri fiye da wani wuri, ko gwiwa ɗaya tana murɗewa, akwai sauran gyara.

Ɓangarorin da ke jayayya

Masu tsere suna auna komai da agogo. Suna son allo ya sauya baki cikin ƙiftawar ido tsakanin tuta da tuta, kuma sukan sa wani faranti na musamman tsakanin allo da maɗauri, wanda ke shanye girgiza ya kuma ɗaga takalmi sama. Wannan ɗagin yana ba su sarari da mai wasa na yau da kullum ba shi da shi. Wanda ya kwafi lambar gwarzo ba tare da farantinsa ba, rabin tsarin ya ɗauka.

Ɓangare na biyu su ne masu kwanciya har ƙasa, salon da 'yan Suwizalan biyu, Jacques Rilliet da Patrice Fivat, suka yi suna da shi, tare da allunan Swoard. Su burinsu jiki ya shimfiɗu a kan dusar ƙanƙara a kowace kwana, allon ya tashi kusan a tsaye. Da irin wannan kishingiɗa, leƙowa ko ta ƙanƙani ba ta da wuri. Maimakon su hau da lamba, sai suka faɗaɗa allon, domin su samu ƙaramar kusurwa da 'yancin juya jiki. Sun fi son faranti a kwance, ba ɗagi.

Na uku masu takalmi mai laushi ne da suka rungumi yanka, abin da ya yi ƙarfi sosai a Japan da Koriya ta Kudu. Su ma suna juya ƙafafu biyu gaba, amma ba sa kai lambobin masu takalmi mai tauri, domin takalminsu ba shi da ƙarfin tallafar ƙafa ta gefe. Su ma faɗin allo suke nema.

In aka duba da kyau, duka ukun ba su saɓa a kan asalin ƙa'idar ba. Kowannensu yana son yatsu da dunduniya su zauna a bakin allo ba tare da sun wuce ba. Inda suka rabu shi ne faɗin allon da kowa ya zaɓa, kuma wannan zaɓin ya biyo irin hawan da yake so. Tarihi ma ya nuna haka. A farkon shekarun 1990 an yi yayin allunan da gefensu biyu ba su daidaita ba, an ja fafewar gefen dunduniya baya domin ta dace da tsayuwar wancan lokaci. Da alluna suka tsuke, kusurwa ta hau, sai wannan yayin ya wuce.

Me wannan ke nufi ga mai son gwadawa?

Bahaushen da zai haɗu da wannan wasa, galibi a tafiya ne ko a zaman karatu: a Ski Dubai da aka buɗe a 2005 cikin wani katafaren kanti, ko a tsaunukan Turkiyya irin su Uludağ da Erciyes da Palandöken, ko a Turai da Amurka. A nahiyarmu ma akwai Oukaïmeden a Maroko da Afriski a Lesotho. A irin waɗannan wurare allon haya mai takalmi mai laushi za a miƙo masa, kuma shi ya dace da mafari. Amma ko a kansa, mai babbar ƙafa ya duƙa ya dubi yatsunsa da dunduniyarsa. In sun leƙo da yawa, ya nemi allo mai faɗi.

Wanda ya kai ga sayen kayan tsere, tsarin sayayyar ya kamata ya bi wannan lissafi. Takalmi ne farko, wanda ya kama ƙafa tsam, domin takalmin da ya yi yawa da lamba ɗaya ya ƙara santimita guda a tafi, ya kuma tilasta ƙarin digiri. Bayan an auna tafin sai a nemi allon da faɗinsa zai ba da kusurwar da jiki ke so. Mutane da dama sukan yi akasin haka, su ga tsohon allo siriri da araha su saya, daga baya su gane ba za su iya hawansa ba sai a 65 ko sama.

A kan gangare kuma, abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, digiri 2 ko 3, a sauko 'yan lokuta kafin a yanke hukunci. Idan an juya kusurwa, an matsa tazara, an sauya ɗagi duk a tashi ɗaya, ba za a san wanne ya gyara ko ya ɓata ba. Ƙanƙarar da ta taru a bakin takalmi ko sabon karce a jikin roba shaida ce ta leƙowa. Gajiyar cinya abu ne da aka saba da shi, amma zafi a cikin gwiwa, musamman ta baya, alama ce ta a tsaya a kwance noti. A kuma tuna cewa waɗannan maɗaurai ba sa sakin ƙafa idan an faɗi, saɓanin na siki, don haka duk wata murɗiya da aka ɗaure a faranti, gaɓɓai ne za su ɗauke ta har a sauko.

Mai yanka kuma yana ratsa gangare daga wannan gefe zuwa wancan da gudu, abin da masu saukowa a miƙe daga sama ba sa tsammani. Kafin kwanar gefen dunduniya, inda baya ke juyawa ga masu zuwa, dole a waiga sama tukuna. Ranar da za a gwada sabon ɗauri, a zaɓi gangare mai faɗi da sauƙi, a fita da wuri kafin jama'a su cika shi.